Mai Korar Koci Zai Iya Titsiye Ciyaman

Akwai wata magana da manyanmu ke yawan yi a kan mumbari, a rediyo, har a zauren gida, wai ƙwallo ta cinye hankalin samari. Yaro ya haddace 'yan wasan Real Madrid goma sha ɗaya har da na benci, amma ka tambaye shi sunan kansilan mazaɓarsa sai ya hau sosa ƙeya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kowa ya sha ganin haka. Inda na rabu da masu yin ta shi ne wurin da suke ɗora laifin. A ganina gidan kallo yana cikin 'yan wuraren da suka rage mana a ƙasar nan inda talaka ke yi wa mai riƙe da ragama hisabi da hujja, ba tsoro, ba kwaɗayi, ba tambayar daga wace ƙabila ya fito. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne dalilin da ya sa wannan basira take tsayawa a bakin ƙofar gidan kallo, ba ta biyo mu zuwa rumfar zaɓe.

Duk mai shakka ya biya kuɗin shiga ranar Asabar da yamma ya zauna a bencin baya. Rumfar kwano ce, talabijin biyu ko uku a jere, janareto na ruri a waje, a bakin ƙofa ga allo an rubuta wasannin ranar da alli. Ka jira a tafi hutun rabin lokaci, lokacin da ake tashi a miƙe ƙafa a sayi ruwan leda. Nan za ka ji ɗan adaidaita sahu ya juyo wajen dattijon tela da suke ƙungiya ɗaya yana cewa, "Baba, don Allah ka daina kare mutumin nan. An ba shi kuɗi, ya sayo wanda ya ga dama, shekara biyu yana nan, har yau ba mu san tsarin da muke bugawa ba." Dattijon ya ce, "Yaro, yi haƙuri, 'yan bayanmu uku ne ke jinya." Shi kuma ya ce, "To Baba, wa ya hana shi sayen ɗan baya da aka buɗe kasuwa a Janairu?" Sai wani daga gefe ya ciro waya ya karanto maki nawa ƙungiyar take da shi a daidai wannan mako a bara, da nawa take da shi bana. Gardama ta mutu a nan, ko kuma ta koma kan sabuwar hujja.

Ka duba abin da ya faru a cikin minti goma sha biyar ɗin nan. An kawo abin da aka ba mutum, an kawo abin da ya yi da shi, an saurari uzurinsa, an auna uzurin, an kwatanta bana da bara. Babu wanda ya ce a ƙyale kocin saboda ɗan garinsu ne, babu wanda ya ce ai ya taɓa ba shi buhun shinkafa. Yaron da ya fi kowa ƙanƙanta a wurin yana iya kayar da dattijo idan lissafi yana gefensa, dattijon kuma ba ya ganin an yi masa rashin kunya. Majalisun dokokinmu na jiha nawa ne suke yi wa kasafin kuɗin gwamna irin wannan tankaɗe da rairaya?

Magoya bayan Arsenal na garuruwanmu, waɗanda da yawansu zamanin Nwankwo Kanu ne ya jawo su, sun so kocinsu Arsène Wenger so na gaske. Mutumin ya ci musu gasar Firimiya sau uku, har da kakar 2003 zuwa 2004 da ba a doke su ko sau ɗaya ba. Amma da shekaru suka ja babu kofin gasar, waɗannan masoyan nasa su ne suka riƙa cewa ya isa haka, har ya sauka a 2018 bayan shekara 22. Ba su zage shi da cewa bai taɓa yin komai ba, sun dai ce alherin jiya ba ya biyan bashin yau. Leicester ta sallami kocinta Claudio Ranieri a Fabrairun 2017, wata tara kacal bayan ya ci mata kofin Firimiya da babu wanda ya taɓa mafarkinsa, lokacin Ahmed Musa yana can. A teburin mai shayi an raba gari a kan wannan kora, wasu suka ce butulci ne, wasu suka ce ƙungiya na gangarawa ƙasan teburi, dole a yi wani abu. Kowane ɓangare da hujjarsa ya zo.

Haka kuma ranar da Sunday Mba ya zura wa Burkina Faso ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2013, ihun da aka yi a Fagge da Tudun Wada bai gaza na Aba ba. Da Ahmed Musa ya ci Iceland biyu a 2018, Fatakwal ta yi ta kiran sunansa. Ba a tambayi masallaci ko coci ba, an ga aiki an yaba.

To sai kakar zaɓe ta zo, ka ga mutanen nan dai sun zama wasu daban. Abu guda muka ɗauko daga gidan kallo muka kai siyasa, kuma shi ne mafi rauninsa: riga. Namu namu ne ko ya ci ko ya faɗi. A ƙwallo wannan ba shi da illa, don mai goyon bayan Manchester United da ya ga ƙungiyarsa ta ƙare a ta 15 a kakar 2024 zuwa 2025 bai koma Liverpool ba, amma ai bai yi shiru ba, kullum yana neman a kori wani. A siyasa mun riƙe rigar, mun yar da neman korar. Idan jagora ya yi daidai a yi tafi, idan ya kauce a ce makirci ne na 'yan adawa. Dare ya yi a kunna rediyo a saurari sojojin baka, wannan ya yabi maigidansa ya yagi na wancan, gobe wancan ya sayi fili ya rama. Akwai gwaninta a ciki, akwai habaici da salon magana da ke sa mutum dariya, amma ka saurara tun daga farkon shiri har ƙarshe da wuya ka ji an ambaci nawa aka ware wa asibitin wani gari, nawa aka saki, me aka saya.

Ga misalin da ya fi ci mini rai. A Janairun 2021 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kano, jam'iyyar APC mai mulki a lokacin ta lashe duka kujeru 44. A Oktoban 2024 aka sake yi, NNPP mai mulki a lokacin ita ma ta lashe duka 44. Ba Kano kaɗai ba, kusan duk jihar da ka leƙa haka abin yake, jam'iyyar gwamna ce ke kwashe komai. Da a ce a gasar ƙwallo ne ƙungiyar mai shirya gasa ta cinye duk wasanninta, shi ya ɗauko alƙalan wasa, shi ke biyan su, yaron da ke share gidan kallo ma ba zai yarda ba. Amma a nan waɗanda suka yi kuka a 2021 su ne suka yi murna a 2024, waɗanda suka yi murna a 2021 kuma suka karɓi kukan. Ban ji mutane da yawa sun ce tsarin ne ya lalace ba.

Ban yarda cewa jahilci ne ya kawo haka ba, tunda mutum ɗaya ne a wuraren biyu. Babban bambancin shi ne ƙwallo tana da teburi. Kowane mako ana buga wasa a idon duniya, a tashi da sakamako, a rubuta maki. An san nawa Galatasaray ta biya a kan Victor Osimhen a 2025, Yuro miliyan 75, kuma an san ƙwallo nawa ya ci. Koci ba zai iya fitowa ya ce ya ci wasan da kowa ya ga an doke shi ba. Shugaban ƙaramar hukuma fa? Bisa tsarin rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin 100 na abin da ake rabawa daga asusun tarayya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin da ake rabawa duk wata ya ƙaru sosai, a wasu watannin 2025 har ya kai naira tiriliyan 2. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna fitar da abin da aka rubuta wa kowace ƙaramar hukuma. Daga nan kuma sai duhu. Nawa ya isa sakatariya, nawa ya maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha, nawa ya tafi albashi, nawa ya rage na rijiya da magani da alli, babu allon da ake rubuta wannan. Mutum ba zai yi gardama da hujjar da aka ɓoye masa ba, shi ya sa yake komawa ga abin da yake gani, wato hula da fosta da wanda ya zo masa ta'aziyya.

Sannan akwai tsoro, kuma ba na raina shi. Ka wuni kana caccakar kocin Chelsea, ka kwana lafiya a ɗakinka. A 2022 an kama wani ɗalibin jami'ar tarayya da ke Dutse saboda rubutun da ya yi a Twitter game da matar shugaban ƙasa na lokacin, sai da jama'a suka yi ca kafin a janye ƙarar. Abubakar Idris Dadiyata, malamin jami'a mai yawan sharhin siyasa, an ɗauke shi a gidansa a Kaduna a Agustan 2019, iyalinsa suka shiga shekaru suna jiran labari. Uwar da ta ce wa ɗanta ya bar maganar gwamnati ya yi ta ƙwallonsa ba ta yi wauta ba, ta san ƙasar da take zaune. Ga kuma yunwa. Babu mai ba ka taliya ko atamfa don ka goyi bayan Barcelona, saboda haka ra'ayinka a kanta naka ne tsantsa. Ranar zaɓe kuwa akwai mai saye a bakin layi, mai sayarwar kuma wataƙila bai karya ba tun safe. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kusan kashi 27 cikin 100 na masu rajista ne kawai suka fita. Sauran sun yanke hukuncin cewa wasan ba na gaskiya ba ne, suka ƙi shiga kallo.

Wanda yake son ya ga cewa matsalar ba daga ƙwallo take ba, ya dubi abin da ke faruwa da ita kanta ƙwallon idan ta shiga hannun hukuma. A Nuwamban 2025, kwana biyu kafin wasan neman gurbin kofin duniya da Gabon, 'yan Super Eagles suka ƙi fita atisaye a Rabat saboda bashin alawus. Sun doke Gabon 4-1, sannan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da su a bugun fenareti. Kofin duniya na biyu ke nan a jere babu Najeriya, bayan Ghana ta hana mu zuwa na 2022 a Abuja. Kuma wannan rigimar kuɗi tsohuwa ce. An yi ta a Brazil a 2014 kafin wasa da Faransa. A 2016 'yan matan Super Falcons sun ciyo kofin Afirka a Kamaru, suka dawo suka zauna a otal a Abuja suka ce ba za su fita ba sai an biya su, har suka yi tattaki zuwa majalisar tarayya. A shekarar ce kuma 'yan wasan Olamfik suka maƙale a Atlanta, suka sauka Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasansu da Japan, suka kuma ci 5-4. Jaruntar 'yan wasa ce ke rufa wa masu ofis asiri. Irin haka malamin firamare da ma'aikaciyar asibitin ƙauye suke yi kullum, sai dai su babu kyamara a kansu.

Tun kafin nan ma, a 1996, muna riƙe da kofin Afirka Janar Sani Abacha ya hana tawaga zuwa Afirka ta Kudu, bayan takun saƙar da ya biyo bayan rataye Ken Saro-Wiwa da sukar da Nelson Mandela ya yi. Hukumar ƙwallon Afirka ta haramta mana gasar 1998. Zuriyar 'yan wasan da ta fi kowacce ƙarfi a tarihinmu, wadda a shekarar nan ta 1996 ta ciyo zinare a Atlanta, ta rasa kofin Afirka biyu saboda fushin mutum ɗaya.

Kano Pillars ita ce ciwon da ya fi kusa da zuciyata. Waɗanda suka ga 2009 ba za su manta ba. Masu Gida, wato Pillars, suka fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka, bayan an tashi 2-2 a Alƙahira, suka je har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da su. Kofin gasar Najeriya a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana cika tun kafin la'asar, abin da ƙungiyoyi da yawa a nahiyar nan suke nema da kuɗi ba su samu ba. Ƙungiya mai irin wannan jama'a ya kamata a ce tana ciyar da kanta daga tikiti da riguna da tallace-tallace da cinikin 'yan wasa. Amma a 2022 sai da ta faɗa ajin gajiyayyu, kafin ta dawo a shekarar da ta biyo baya. Kamar yawancin ƙungiyoyin gasarmu, mallakar gwamnatin jiha ce. Gwamna ke naɗa shugabanninta, idan gwamnati ta sauya su ma a sauya su, kuɗinta daga baitulmali yake fitowa. Magoya baya sun san wanda ya ɓarar da ƙwallo a gaban raga, amma ba su da hanyar sanin nawa aka tara a ƙofa ranar Lahadi. A gefe guda ga Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun, ƙungiyar ɗan kasuwa ce mai filinta da makarantar renon yara, garin ƙarami ne, ta ɗauki kofin gasar a 2025.

Ba zan wanke 'yan kallo tas ba. Idan fushi bai samu ƙofar fita ta hankali ba, yana fita ta jifa. Pillars ta sha rasa maki da biyan tara da buga wasan gida a wani gari saboda wasu sun afka fili sun taɓa alƙalin wasa ko baƙi, har da wasanta da Shooting Stars a Oktoban 2025. Abin kunya ne, kuma ƙungiyar da suke cewa suna so ita suke cuta. Caca ma ta shigo ta cikin waya tana cinye jarin yara, wannan kam duk abin da malamai suka faɗa a kai gaskiya ne. Sai dai mai jifan alƙalin wasa da ɗan jagaliyar da ke fasa akwatin zaɓe sau da yawa tarbiyya ɗaya ce ta haife su, an koya musu cewa sakamako ana ƙwatarsa ne da ƙarfi, don sun ga manya suna yin haka.

Laberiya ta nuna cewa mutanen da suka haukace a kan ƙwallo suna iya raba so da hisabi. George Weah shi ne ɗan Afirka ɗaya tilo da ya taɓa cin kyautar Ballon d'Or ta gwarzon ɗan ƙwallon shekara, a 1995, kuma babu wanda 'yan ƙasarsa suka so kamarsa. Sun zaɓe shi ya hau mulki a Janairun 2018. Bayan shekara shida suka duba tsadar rayuwa da ƙorafin cin hanci, suka ba Joseph Boakai da ƙaramar tazara a 2023. Weah kuma ya kira abokin takararsa ya taya shi murna tun kafin a gama sanar da sakamako, kamar yadda ɗan wasa ke miƙa hannu idan an busa tashi. Har gobe gwarzonsu ne a fili, kujerar ce suka karɓe.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. An yi murna, sannan aka shafe fiye da shekara ana jan ƙafa wajen aiwatarwa. Ko da an aiwatar gobe, idan kuɗin ya tashi daga duhun gidan gwamnati ya koma duhun sakatariya, talaka bai ga canji ba. Abin da nake nema ƙarami ne, kuma ba ya buƙatar sabuwar doka, tunda dokar 'yancin samun bayanai tana nan tun 2011. Kowane wata a liƙa takarda a ƙofar sakatariya, da Hausa, a rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe da inda aka kashe shi. Gidajen rediyonmu da ke ware lokaci kullum don labarin wasanni su ware minti biyar su karanto kason kowace ƙaramar hukuma a jihar, su jera su kamar teburin gasa, a ji wadda ta samu kaza ta gyara aji nawa, maƙwabciyarta da ta samu kusan haka ta gyara nawa. Masu sharhin ƙwallo da Hausa sun riga sun koya wa jama'a sauraron lissafi ba tare da gundura ba, don haka masu sauraro suna nan a shirye.

Hukumar Kano Pillars ma za ta iya fara nata tun wasan gida mai zuwa, ba sai ta jira kowa ba: a sanar da yawan tikitin da aka sayar da kuɗin da aka tara kafin a dawo daga hutun rabin lokaci, a kuma fitar da lissafin shekara idan kaka ta ƙare, har da kuɗin duk ɗan wasan da aka sayar.